Ƙurjin Da Ake Ɓoyewa: Nasiha Ga Samari Da Magidanta

 Maganar da zan yi muku tana da nauyi a baki, domin a tarbiyyarmu babba ba ya buɗe irin wannan zance a gaban na ƙasa da shi. Amma shekarun da na yi ina aikin jinya sun nuna mini yadda kunya take kai lafiyayyen namiji ga wahalar da allura ɗaya za ta iya raba shi da ita tun farko. Don haka ku yi mini afuwa, zan kira kowane abu da sunansa.

Ciwon sanyi ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Namiji ya sadu da mai ɗauke da shi, bayan kwana 2 zuwa 5, wani lokaci har mako biyu, sai ya ji fitsari yana yi masa zafi kamar ana yanka shi, mugunya fara ko mai ruwan ɗorawa tana ɓata masa wando. Ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda wani likitan Jamus mai suna Albert Neisser ya gano a shekarar 1879. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sabon kamu sama da miliyan 82 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba a ɗaukarsa ta hanyar tsallake fitsarin wani, ko tsugunawa a masai, ko zama a kan siminti mai sanyi. Ta saduwa ake ɗaukarsa, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya a kan haka, domin wanda ya ɗora laifin a kan masai ba zai taɓa tunanin kai iyalinsa asibiti ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu masu ba da magani, shi ne ciwon nan yakan fito a fatar gaban namiji da wata kama dabam: ƙurji, ko maruru, ko gyambo, ko kumburi. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma rashin yawansa ne ya sa ake kuskure shi. Wani lokaci yakan zo tare da zafin fitsari da mugunyar da aka sani. Wani lokaci kuwa bututun fitsari lafiya lau yake, babu zafi babu yoyo, sai ƙurjin kaɗai.

Ga dalilin da ya sa. Ƙwayar nan ba ta son busasshiyar fata mai kauri. Inda take samun wurin zama shi ne tattausar fatar ciki mai danshi: cikin bututun fitsari, bakin mahaifa, dubura, maƙogwaro da ido. Fatar waje ta fi ƙarfinta sai in ta sami tsaga ko gogewa. To amma Allah ya halicci gaban namiji da wasu 'yan hujoji da ƙananan jakunkuna da ido ba ya lura da su, cikinsu kuwa irin wannan tattausar fata ce. In ƙwayar ta sami shiga ɗaya daga cikinsu, ta sami maɓoya.

Wanda na fi so ku gane shi ne na bakin hujin fitsari. A wasu maza akwai siririyar hanya a gefen hujin, dama ko hagu, wadda ba ta zarce ko'ina, 'yar kurman hanya ce mai zurfin da bai taka kara ya karya ba. Mai ita zai iya tsufa bai san da ita ba. Ranar da ciwon sanyi ya shige ta, sai a ga ɗan jan kumburi a gefen hujin, bai fi ƙwayar dawa ba, da ɗan huji a tsakiyarsa kamar an soka tsinin allura. In aka ɗan danna, sai ɗigon mugunya ya ɓullo ta wannan ɗan hujin, ba ta hujin fitsari ba. Likitocin ƙasar Sin sun rubuta rahotanni da dama a kan irin wannan.

Na taɓa ganin wani magidanci da ya daɗe da shi. Zafin fitsari ya yi masa a can baya, ya sha kafso, zafin ya tafi, sai ɗan ƙurjin ya rage. Kullum da safe in ya shiga wanka sai ya matse shi, ya wanke, ya manta. Matarsa kuwa ba ta rabuwa da ciwon mara. A yi mata magani ta sami sauƙi, bayan ɗan lokaci abin ya dawo, har dangin miji suka fara cewa ita ce mai sanyin da ba ya jin magani. Da aka duba shi, likita ya sa safar hannu ya danna gefen wurin a hankali, ga ɗigon mugunya ya taso. Aka lakato shi da ɗan tsinke mai auduga, aka shafa a gilashi, aka kai ɗakin gwaji. A ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyin suka fito bibbiyu suna fuskantar juna a cikin fararen ƙwayoyin jini, kamar yadda aka san na ciwon sanyi. Duk maganin da aka yi ta ɗura wa baiwar Allah nan, daga wannan ɗan hujin ciwon yake koma mata. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba. Bai yi niyyar cutar da ita ba, rashin sani ne, amma wahalar ita ta sha.

Akwai kuma na layin ƙarƙashi. Kowane namiji yana da wani layi mai ɗan duhu da ya bi ƙarƙashin azzakari tun daga kai, ya ratsa tsakiyar jakar maraina, ya nufi dubura. Nan ne ɓangarori biyu suka haɗe tun yana cikin mahaifiyarsa. A wasu mutane haɗewar takan bar siririyar hanya ko ɗan ƙulli a ƙarƙashin fata. In ƙwayar ta shiga nan, sai layin ya yi ja, ya taso kamar igiya, ya yi zafi, ƙuraje masu mugunya su jeru a kansa, ɗaya ko biyu ko fiye. Mai shi yakan ɗauka maruru ne na zafin gari, tunda sau da yawa fitsarinsa ba ya yi masa ciwo.

A ƙarƙashin kan kaciya, gefe da gefen 'yar jijiyar nan da ta riƙe shi, akwai wasu jakunkuna da likitoci ke kira da sunan wani tsohon likitan Ingila, Tyson. Su ma sukan kumbura su tara mugunya, gefe ɗaya ko duka biyun. Wannan da kumburin kan azzakari sun fi samun wanda ba a yi wa kaciya ba, saboda loɓa tana tara danshi da mugunya. Mu da ake yi wa kaciya tun muna yara mun sami sauƙi ta wannan fuska, amma kada wani ya ɗauka kaciya katanga ce tsakaninsa da ciwon sanyi. Ba ta hana kamuwa. Haka kuma inda fata ta goge ko reza ta yanka wajen aski, ƙwayar takan iya kama wurin ta yi ƙurji ko gyambo. Wani kuma gaban ne gaba ɗaya zai kumbura suntum, ko wata jijiya ta taso ta yi tauri a bayansa, kaluluwa ta fito a matsematsi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne marurun da ke tasowa daga ciki. Jikin bututun fitsari cike yake da ƙananan jakunkuna. In bakin ɗaya ya toshe da mugunya a ciki, sai maruru ya taru a gefen bututun, a ji ƙulli mai zafi a ƙarƙashin azzakari, fitsari ya dinga fita da ƙyar, zazzaɓi ya rufe mutum. In na can ƙasa ne, tsakanin maraina da dubura, zama yakan gagara, bayan gida ya zama azaba, sai a ce basir ne a kama shan jiƙe-jiƙe. Marurun nan in an bar shi zai fashe. In ya fashe ta ciki da ta waje, hanya ta buɗe ke nan tsakanin bututun fitsari da fata, fitsari ya dinga yoyo ta inda bai kamata ba. Ciwon da aka bari ya daɗe kuma yakan bar tabo a cikin bututun, tabon ya yi ta tsukewa shekara da shekaru, har dattijo ya wayi gari fitsari ya ƙi fita sai an sa masa roba. Akwai waɗanda abin ya kai su ga fitsari yana fita ta hujoji da yawa a matsematsi. Mun saba jin yoyon fitsari a wajen mata masu doguwar naƙuda, to maza ma suna da nasu, kuma tsohon ciwon sanyi yana cikin abubuwan da ke kawo shi. In kuwa fatar maraina ta fara baƙi tana wari, ga zazzaɓi mai zafi, wannan ba a kwana da shi a gida. Ruɓa ce mai gudu, tana kisa, sai tiyata cikin gaggawa.

Akwai wata fuskar kuma da ba a gaba take fitowa ba. A kaɗan daga cikin waɗanda ba su sami magani ba, ƙwayar takan shiga jini. Sai zazzaɓi, sai ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau wuyan hannu gobe idon sawu ko gwiwa, sai 'yan ƙuraje tsiraru a hannuwa da ƙafafu, kusa da gaɓoɓi, masu jan gindi da mugunya a kai, wasu tsakiyarsu ta yi toka-toka ko baƙi. Ba su da yawa, ana iya ƙirga su. Sau da yawa mai su ba ya jin komai a gabansa, don haka ba ya kawo ciwon sanyi a ransa, sai a ce sanyin ƙashi ne, ko a ce jifa aka yi masa. In an yi sakaci gwiwa takan tara mugunya ta lalace, kuma jefi-jefi ciwon yakan taɓa zuciya ko rufin ƙwaƙwalwa. Saurayin da ya ga wannan haɗin, zazzaɓi da gaɓoɓi da ƙuraje, ya gaya wa likita gaskiyar inda ya je, ko da ba a tambaye shi ba.

Kada wannan bayani ya sa kowa ya zama likitan kansa. Ba kowane ƙurji a gaba ne ciwon sanyi ba. Tunjere yakan fara da gyambo guda mai tauri marar zafi, ya warke da kansa alhali ciwon yana nan cikin jini. Akwai mai fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe, su fashe su yi raɗaɗi, su tafi su dawo. Ƙazwa tana kama wurin. Mai ciwon suga yakan yi fama da ja da tsagewar kan kaciya. Dattijon da ke da gyambon da ya ƙi warkewa wata da watanni, sai an tabbatar ba ciwon daji ba ne. Akwai kuma 'yan ƙananan tsiro farare da ke jeruwa a kewayen kan kaciyar samari da yawa, halitta ce, ba ciwo ba ne, ba sa bukatar komai, amma na ga waɗanda suka ƙona kansu da magani a kansu. Har ma maganin da ake sha barkatai, irin su Septrin da kafson nan ja da yalo, yakan sa wa wasu tabo ko gyambo a kan kaciya duk lokacin da suka sha shi, sai su ɗauka ciwon ne ya dawo, su ƙara sha. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan, ko idon likita ne. Gwaji ke rabawa.

Don Allah, 'ya'yana, kada ku matse. Matsa tana tura mugunya cikin nama. Hannun da ya taɓa ta kuma in ya kai ga ido, ciwon sanyin ido yakan huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki, mutum ya makance. Kada ku kai wa wanzami ya tsaga. Ina girmama wanzamai, sana'ar iyaye da kakanni ce, amma bututun fitsari yana dab da fata a wurin nan, aska in ta zarce kaɗan ta bar yoyon da sai an sha wahalar tiyata kafin a rufe shi. Kada ku shafa man goge baki, ko kanwa, ko ruwan batir, ko man bilicin. Masu tallar maganin sanyi da lasifika a tasha da bakin kasuwa kuwa, ga abin da ke sa a yarda da su: ko ba a sha komai ba, zafin fitsari da mugunya sukan lafa da kansu bayan wasu makonni. Sai mutum ya ce jiƙon ya yi aiki, alhali ƙwayar tana nan, kuma yana iya ba wani.

In ka je asibiti, abin da za a yi ba mai yawa ba ne. Za a duba wurin, a ɗebi mugunyar, a karɓi fitsarin farko da ya fara fita. Shi ya sa ake so ka riƙe fitsari na aƙalla awa guda kafin gwajin, kuma kada ka sha wani maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ka je, domin yakan ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba. Inda akwai kayan aiki, akan shuka mugunyar a ga wane magani ne ke kashe ta. Inda babu ɗakin gwaji, ma'aikatan lafiya suna da ƙa'idar yin magani bisa alamomi. Ka yarda a gwada jininka don tunjere da ƙanjamau, domin hanyarsu ɗaya, kuma gyambo a gaba ƙofa ce a buɗe ga ƙanjamau.

Maganin da aka dogara da shi yanzu allura ce mai suna seftiriyazon. Ga ciwon da bai yi nisa ba, sau ɗaya ake yin ta a tsoka. A Amurka miligiram 500 suke yi, a Ingila giram 1, Hukumar Lafiya ta Duniya ma giram 1 ta ba da shawara a 2024. Akan haɗa da ƙwayar doksisaikilin, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, saboda wata cutar mai suna kilamidiya da ke yawan rakiyar ciwon sanyi. Mai ciki ba a ba ta doksisaikilin, akwai wanda ake musanya mata da shi. In akwai maruru, allura ɗaya ba lallai ta isa ba: likita yakan ƙara kwanakin magani, ya zuƙe mugunyar da sirinji ko ya tsaga da kayan aiki masu tsabta bayan ya kashe zafin wurin, domin magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. 'Yar hanyar nan ta gefen hujin fitsari ko ta layin ƙarƙashi, in ta ci gaba da tsatsafo bayan an kashe ƙwayar, akan yanke ta ko a ƙone ta, ƙaramin aiki ne. Wanda ciwon ya shiga jininsa kuwa sai an kwantar da shi, ana yi masa allurar giram 1 kullum, magani ya kai aƙalla mako guda. Na faɗi waɗannan adadi ne don ku san abin da ake yi, ba don wani ya saya ya kai wa yaron kemis ya soka masa ba. Wanda fenisilin ya taɓa yi wa illa ya faɗa tun kafin a ɗauko sirinji.

Me ya sa na dage a kan kada a sha magani barkatai? Ƙwayar nan ta gama da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Magungunan salfa sun yi aiki a ƙarshen shekarun 1930, cikin 'yan shekaru suka daina. Fenisilin ya zo ya yi zamaninsa, sai a 1976 aka gano irin da ke narkar da shi, kuma wani reshen wannan iri daga nan Afirka ta Yamma aka bi sawunsa. Tetirasaikilin ya bi baya. Sifuro, wanda har yanzu ake miƙa wa samari a kemis, Amurka ta daina ba da shi don ciwon sanyi tun 2007. A 2018 an sami wani mutum a Ingila da ya kamu a kudu maso gabashin Asiya, manyan magunguna biyun da ake ji da su a lokacin duka suka kasa, sai da aka koma ga wani na daban ta jijiya. Duk wanda ya sha Ampiclox biyu yau, sifuro ɗaya gobe, ya daina da ya ji sauƙi, yana koya wa ƙwayar yadda za ta jure ne, kuma jurarriyar ce zai kai gida.

Gidan nan kuwa shi ne inda maza suka fi gazawa. Mata da yawa masu ɗauke da ciwon ba sa jin wata alama, yana can yana hawa zuwa mahaifa da hanyoyin ƙwai, ya toshe su, ya kawo ciwon mara na kullum, ko ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Sai a wayi gari ana yi wa mace gorin haihuwa, har a yi mata kishiya, kishiyar ma ta kamu. Namijin ma in ciwon ya sauka maraina yakan iya rasa haihuwa. Jaririn da aka haifa ta hanyar da ciwon yake, cikin kwana 2 zuwa 5 idanunsa sukan kumbura su cika da mugunya, in ba a yi hanzari ba ya rasa gani. Ba nono ake ɗiga masa ba, ba tozali ba, asibiti ake kai shi a ranar.

Saboda haka ƙa'ida ita ce duk wadda ka sadu da ita cikin kwana 60 da suka wuce sai an yi mata magani, ko tana jin ciwo ko ba ta ji. Mai mata biyu ko uku ko huɗu, dukkansu, a lokaci guda. In aka bar ɗaya, rabon kwana zai mayar da ciwon kowane ɗaki. A ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan kowa ya gama magani kuma gyambo ya rufe. In alamu ba su tafi ba a koma, kuma ko sun tafi ana so a sake gwaji bayan wata 3, domin warkewa ba ta hana sake kamuwa. Na san faɗa wa iyali abu ne mai wuya, ina jin nauyin da ke cikinsa. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In bakinka ya kasa, ka roƙi likita ko wata ma'aikaciyar jinya mai hankali ta yi mata bayani, sun saba, kuma aikinsu ya hana su fallasa sirrin marar lafiya. Kada kuma wani ya mayar da abin tuhuma a kan matarsa. Ciwon yakan daɗe a ɓoye a jikin mace ko namiji, mai yiwuwa tun kafin wannan auren, don haka fitowarsa yau ba hujja ba ce a kan kowa.

Ku samari da ba ku yi aure ba, kame kai shi ne kariyar da ba ta da ɓaraka, addini ya umarce mu da shi, lafiya ma ta tabbatar. Wanda ya san ya kasa, kwaroron roba yana rage haɗarin ƙwarai, kada ya haɗa wa kansa laifi biyu, na saɓo da na cutar da baiwar Allah da zai aura gobe. Wanda kuma ya riga ya faɗa, tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ƙofarta a buɗe take, amma ƙwayar da ke jikinsa sai allura.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan alhali yana da ƙurji, ko kumburi, ko wani ɗan huji mai tsatsafo a gabansa, ya daina matsa shi daga yau, kada ya sha komai, ya tafi asibiti gobe da safe ya nuna wa likita, ya kuma tafi da iyalinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira.